Bishop Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Amsa Kira

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ko Badun ko Anaca, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Ajayi Crowther ba, don kuwa ga shi nan a jikin makarantu da majami'u da tituna. Da yawa sukan ɗauka wani babban Bayarabe ne na zamanin da, wanda labarinsa ya fara a Kudu ya ƙare a Kudu. Alhali kuwa mutumin nan ya fara koyon Hausa shekara 60 kafin Turawa su ci Kano, ya shekara a bakin Kwara kusa da Jebba, ya rubuta nahawun Nufanci, ya yi ta kai gaisuwa fadar Bidda har sarakuna uku suka san shi. Shi ne baƙin mutum na farko da ya zama Bishop a Ikilisiyar Angalika, kuma ba da son ransa ya hau wannan matsayi ba.

An haife shi wajen 1809 a wani gari da ake kira Osogun, cikin ƙasar Oyo. A zamanin nan daular Oyo tana rushewa, Afonja ya yi tawaye a Ilori, yaƙi ya watsu ko'ina, kamun bayi ya zama sana'a. Wata rana da hantsi cikin 1821, mata suna cikin haɗa kalaci, sai mayaƙa suka kewaye garin. Crowther da kansa ya rubuta daga baya cewa Musulmin Oyo ne, da Fulani, da waɗansu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu. Wannan ba abin daɗin karantawa ba ne ga ɗan Arewa, amma haka ya faru. Su kuma masu jira a bakin teku da kuɗi a hannu, Turawan Fotugal ne masu kiran kansu Kirista. A cinikin nan babu wanda ba shi da kashi a gindi. Aka ƙone garin, aka sa wa Ajayi igiya a wuya tare da uwarsa da 'yan'uwansa mata biyu, ɗaya ma jaririya ce. Ubansa ya shiga faɗan, ba a sake ganinsa ba. Yaron a lokacin bai wuce shekara 12 ko 13 ba.

Da aka zo rabon ganima aka raba shi da uwarsa. Wanda ya same shi ya musanya shi da doki, dokin bai yi masa ba, aka mai da ciniki. Daga baya aka kai shi kasuwar Ijaye, wata mace ta saye shi. Da ya ji ana zancen za a gangara da shi bakin teku a sayar wa Turawa, tsoro ya kama shi har ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa da ɗamararsa, bai iya ba. Aka yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu, wani ya biya da taba, wani da barasa, har ya iso Eko, watau Ikko ta yau, inda ya yi watanni cikin sarƙa.

Ran 7 ga watan Afrilu 1822 aka loda su, bayi kusan 190, cikin jirgin Turawan Fotugal za a haye teku da su. Ba su yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila biyu suka tare su, domin Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807 tana kuma sintiri a teku. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka hau jirgin Ingila suka ga naman alade a rataye da harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da suka lura da kofato hankalinsu ya kwanta. Cikin watan Yuni aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda ake tara bayin da aka ƙwato.

Cikin 1837 ya rubuta wa mutanen mishan labarin kamunsa. A takardar nan ya kira ranar da aka ci Osogun ranar baƙin ciki, ya kuma kira ta rana mai albarka, don a ganinsa ranar ce Allah ya sa ya fara tafiyar da ta kai shi ga sanin Almasihu. Bai ce waɗanda suka kama shi sun kyauta ba, ya kuwa yaƙi cinikin bayi har ƙarshen ransa. Abin da yake nufi shi ne abin da Kirista suke kira alheri, watau kyautar da Allah kan yi wa mutum ba don ya cancanta ba, ba kuma don ya roƙa ba. Dubban yara sun bi ta Eko a shekarun nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shi bai fi su da kome ba, ya kuwa san haka. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa duk inda aka aike shi daga baya yakan tafi, kamar mai biyan bashin da ya san ba zai ƙare ba.

Suna ya bi mai shi

A ƙauyen Bathurst aka damƙa shi ga malaman mishan ta C.M.S. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga watan Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin majami'a na Landan, Samuel Crowther. Samuel shi ne Sama'ila a Littafi Mai Tsarki na Hausa, yaron nan da yake kwance da dare a ɗakin ibada ya ji an kira sunansa har sau uku, kowane karo ya tashi ya ruga wurin maigidansa Eli yana tsammani shi ne, sai tsohon ya gane Ubangiji ne ke kiran yaron, ya koya masa yadda zai amsa. Ba don wannan labari aka ba Ajayi sunan ba, amma ya dace da shi ƙwarai. Wanda ya duba littattafan tafiye-tafiyensa zai tarar yawancinsu maganar zurfin ruwa ce, da kuɗin auduga, da kalmomin da ya tsinta a kasuwa, da gaisuwar sarakuna. Muryar Allah a wurinsa takan zo ne ta cikin Littafi, da ta bakin na gaba da shi, da ta ƙofar da ta buɗe a gabansa. Hausawa kan ce bin na gaba bin Allah. Crowther ya riƙe wannan da gaske, ya ci ribarsa, daga baya kuma ya sha wuyarsa.

Da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay cikin 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri wata malamar makaranta, ita ma ƙwatacciya daga jirgin bayi, wadda ake kira Asano, watau Hassana, don asalinta Musulma ce. Da aka yi mata baftisma ta zama Susan. Sun zauna tare shekara 50.

Tun yana malamin makaranta a Saliyo ya koyi wani darasi da ya bi shi har Bidda. Ya ga wani yaro Musulmi da laya, ya tsinke ta ya ce ya mai da ita gida. Uban yaron ya zo a fusace. Crowther, da zafin ƙuruciya, ya ce a tara malamai a yi muhawara, ya kwana yana shirya ayoyi daga Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci. Da aka taru, malaman suka tsaya a kan abin da suka gaskata, shi ma ya tsaya a kan nasa, aka watse ba wanda ya motsa. Daga nan ya gane cewa cin gardama ba ya sauya zuciyar kowa, kuma wanda yake so a saurare shi sai ya fara sauraro.

Kiran farko ya zo cikin 1841. Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau Kwara su ƙulla alkawari da sarakuna a kan barin cinikin bayi. Mishan ta sa wani Bajamushe, J. F. Schon, da Crowther su bi su, aka ce su koyi Hausa domin ita ce harshen fatauci a can sama. Tafiyar ta zama makoki. Daga cikin Turawa wajen 145, kimanin 40 zazzaɓi ya kashe, jirgi ɗaya ne ya kai Eggan ta ƙasar Nufe ya juyo. Schon ya rubuta wa Landan cewa in ana so bishara ta shiga ƙasar nan, to, sai da 'ya'yan ƙasa. Shi Schon ɗin ne daga baya ya wallafa nahawun Hausa da ƙamus da littafin Magana Hausa. Crowther kuwa aka kira shi Ingila, aka naɗa shi limamin ikilisiya cikin 1843, a shekarar kuma ya fitar da littafinsa na kalmomin Yarbanci.

Aka aike shi ƙasarsa. Ya sauka Badagiri cikin 1845, ya shiga Abekuta cikin 1846. Bai yi wata guda a can ba sai aka kawo masa wata tsohuwa da aka ce tana nemansa. Uwarsa ce, Afala, bayan shekara 25. Ya rubuta cewa sun riƙe juna suna kallon juna, hawaye na zuba, magana ta gagara. 'Yan'uwansa mata ma suna da rai. Cikin 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma aka sa mata suna Hannatu, sunan uwar Sama'ila na cikin Littafi.

Cikin 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya a fadarta ta Windsor, ya yi mata bayanin cinikin bayi a Ikko, ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. Ba a yi wata biyu ba jiragen Ingila suka buɗe wa Ikko wuta, suka kori Sarki Kosoko suka mai da Akitoye. Bayanin Crowther yana cikin abin da ya ƙarfafa wa Turawa gwiwa. Shi kasuwar bayi yake so a rufe, ta kuwa rufu, amma ta ƙofar nan ce mulkin mallaka ya shigo bayan shekara 10.

Ya sake hawa Kwara da Binuwai cikin 1854 tare da Likita Baikie, wannan karon ba wanda ya mutu saboda shan kwinin. Cikin 1857 suka koma da jirgin Dayspring. Ya ajiye Rabaran J. C. Taylor a Anaca ya kafa mishan, shi kuma ya wuce da niyyar kaiwa har Sakkwato. Allah bai nufa ba. Jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe, suka yi zaman bukkoki a bakin kogi shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Wani da ya ɗauka asara ce. Crowther ya mai da zaman makaranta: yana zuwa Rabba, yana zama da fataken Hausawa da Nufawa, yana rubuta kalmomi. Daga nan littafin koyon Nufanci ya fito cikin 1860, nahawu kuma cikin 1864. A tsakanin nan, cikin 1862, gobara ta cinye gidansa a Ikko tare da takardun kalmomi da karin magana da ya yi shekara 11 yana tarawa. Ya sake farawa.

Rawanin da ya ƙi

Babban Sakataren C.M.S. a Landan, Henry Venn, yana da ra'ayin da ya sha gaban zamaninsa. A ganinsa aikin Baturen mishan kamar na magini ne, in ya gama gini sai ya kwashe kayansa ya tafi, a bar ikilisiya ta ci da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Don haka yake so a naɗa baƙin mutum Bishop, kuma Crowther ya zaɓa. Turawan mishan da ke Abekuta suka tashi tsaye, musamman Henry Townsend wanda suka shiga garin tare. Suka ce Bature ba zai zauna ƙarƙashin baƙi ba, kuma 'yan ƙasa ma ba za su ga girman tsohon bawa ba.

Crowther kansa ya ƙi. Ya ce akwai Turawan da suka riga shi wahala, waɗansu ma su suka koyar da shi, ya kuma san abin da ke zukatansu game da shi. Ba kunyar ƙarya yake yi ba, ya hango rigimar da ke tafe. Venn ya yi ta rubuta masa, ya ƙi. Sai da ya kira shi Landan suka zauna ido da ido, tsohon ya roƙe shi kamar uba da ɗa, sa'an nan ya sunkuyar da kai. A nan ne mai karatu zai ga irin biyayyarsa. Hankalinsa ya gaya masa abu ɗaya, wanda yake ɗauka uba a cikin bangaskiya ya gaya masa wani, sai ya ɗauka cewa tsoronsa ba shi ne muryar Allah ba.

Ran 29 ga watan Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai Henry Leeke, hafsan jirgin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma fa an yi wa rawanin ƙwange tun daga ranar farko. Don a lallashi su Townsend, aka cire Ikko da Abekuta da Badun daga ƙarƙashinsa. Mutumin da ya fi kowa aikin fassara Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, aikin da aka kammala cikin 1884, aka ba shi ƙasashen Kwara inda ba a jin harshensa. Ya karɓa bai yi gunaguni ba.

Shekara 27 ya yi yana wannan aiki, da ma'aikata baƙaƙe, yawancinsu 'ya'yan bayin da aka ƙwato a Saliyo, da kuɗi kaɗan, ba shi da jirgin kansa sai ya jira na 'yan kasuwa in ruwa ya kawo. A Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, an riga an yi baftisma ta farko cikin 1862. Aka buɗe Lakwaja, da Bonny, da Brass. A Bonny mutane suna bauta wa guza, ba mai taɓa shi, sai ga shi ranar Ista ta 1867 sarkin garin ya ba da umarni a kashe su. A garin nan ne kuma cikin 1875 aka kashe wani bawa, Joshua Hart, aka jefa shi a ruwa don ya ƙi cin naman da aka yanka wa gunki. Crowther kansa ya ɗanɗana. Cikin 1867 wani basarake mai suna Aboko ya kama shi da ɗansa Dandeson kusa da Idah, ya ce sai an biya fam 1,000. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ya ƙi biya, suka ruga cikin kwalekwale ana yi musu ruwan kibau. Bishop ya tsira, Fell kuwa kibiya mai dafi ta same shi ya mutu.

A fadar Bidda da Ilori

Abin da ya fi shafar mutanen Arewa shi ne zamansa da sarakunan Musulmi. Duk sa'ad da ya hau kogi yakan nemi kai gaisuwa ga Sarkin Bidda Masaba, bayansa Umaru Majigi, bayansa Maliki. Yakan kai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya yi zancen ciniki da noman auduga, ya nemi izini kafin ya kafa ko bukka. Bai taɓa ɓoye abin da ya kawo shi ba, bai kuma shiga gari da zagin addinin masu gari ba. Da haka ya sami wurin zama a tudun Kipo, kusa da Eggan, cikin 1876. Musulmin da suka bi shi ba su da yawa, wannan gaskiya ne. Amma sarakunan sun amince da shi har wajen tsakiyar shekarun 1880 Sarki Maliki ya aika masa da takarda yana kiransa uba, yana roƙonsa ya gaya wa Sarauniyar Ingila ta hana shigo da barasa ƙasar Nufe domin ta lalata masa jama'a. Sarkin Musulmi ne yake kai kukan giya wurin Bishop, don ya san a wannan magana bakinsu ɗaya.

Da jirgi ya maƙale a yashi, cikin 1872 ya komo Ikko ta ƙasa da rakiyar da Masaba ya ba shi, ya biyo ta Ilori. Sarkin Ilori ya tara malamai a fada aka yi masa tambayoyi masu nauyi: ko Isa Ɗan Allah ne, ko shi ne hanya, ko zai komo, yaushe kuma. Mai tsinke layar nan na Saliyo da ya buɗe gardama. Dattijon kuwa bai faɗi ra'ayin kansa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi ya karanta da Yarbanci, ya fara da saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu cikin Linjila ta Luka, don ya san duk wanda ke zaune a wurin yana girmama Jibrilu da Maryamu. Da Sarki ya nemi addu'a, ya buɗe littafin addu'o'in Angalika ya karanta wadda ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar wani sarki sunan mai ƙasar ake sawa. Fada ta yaba, aka rabu lafiya. Ra'ayinsa shi ne, in Allah zai yi magana da mutum, Kalmarsa ta isa, aikin bawa ya karanta ta da harshen da mutane ke ji, ya kauce.

Venn ya rasu cikin 1873, inuwar da Crowther ke fakewa a ciki ta tafi. Zamani ma ya juya. Turawa sun sami maganin zazzaɓi, sun fara rabon Afirka, kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami izinin mulkin kogi cikin 1886 ya ture 'yan kasuwa baƙaƙe. A irin wannan iska, mishan da baƙi ke shugabanta ta zama abin tsokanar ido.

Ba za a ce kuma babu abin faɗa ba. Waɗansu ma'aikatansa suna ciniki a ɓoye saboda ƙarancin albashi, waɗansu an kama su da shan giya da neman mata. A Anaca cikin 1877 mutanen mishan biyu suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, magana ta kai har majalisar Ingila. Bishop yana zaune a Ikko, 'yan watanni kaɗan yake yi a kogi kowace shekara. Halinsa kuma na uba ne. In an kawo ƙarar mutum sai ya nemi shaida, in mutum ya tuba sai ya sake ba shi dama. Wanda aka yi wa alheri irin wanda aka yi masa, korar mutum tana yi masa wuya. Wannan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma inda aka kama shi. Sannu a hankali aka karɓe kuɗi da jirgin mishan daga hannunsa aka ba Turawa. Matarsa ta rasu cikin 1880, uwarsa cikin 1883.

Cikin 1890 waɗansu samarin Turawa suka sauka Lakwaja, shugabanninsu J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, wanda shekarunsa 25 ne. Niyyarsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka sa riga da rawani, suka ci abincin ƙasa, suka ce ba sa son kariyar gwamnatin Ingila. Ba wanda zai ce ba su da himma ko suna tsoron mutuwa. Amma sun zo da tabbacin cewa Ruhun Allah yana bishe su kai tsaye, kuma duk wanda bai yi zafi irin nasu ba, bangaskiyarsa ta baki ce. Kafin su san harshe ko mutane suka fara share sunaye daga rajistar ikilisiya, suka rufe makarantu, suka kori ma'aikata bisa jita-jita.

Cikin watan Agusta 1890 aka yi taron Kwamitin Kuɗi a Anaca, Bishop yana kan kujera, ya haura shekara 80. Sakataren mishan, F. N. Eden, ya shiga dakatar da limamai a gabansa. Bishop ya ce wannan ikon Bishop ne, kuma ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Ba su saurara ba. Aka dakatar da ɗansa Dandeson, wanda yake babban limami a Bonny, aka zargi tsohon a fuskarsa da rufa wa masu laifi asiri. Ya sauka daga kwamitin, ya fita.

A nan maganar jin muryar Allah ta zama abin dubawa, domin ɓangarorin biyu duk ita suke da'awa. Samarin sun ji murya a zuciyarsu, ba su da wani Eli da za su je wurinsa su tambaya, wanda ya kamata ya zama Elinsu ma shi suka fara turewa. Tsohon kuwa ya saba jin kira ta bakin mishan, ga shi yanzu bakin mishan yana faɗin abin da ya san ba daidai ba ne. Bai bi su a kan zalunci ba, ya rubuta wa Landan ya kare mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Bai kuma ɓalle ba, ko da yake a Ikko da Firitawun jama'a sun fusata, da ya ɗaga hannu da dubbai sun bi shi. Landan ta amsa cewa Eden ya wuce gona da iri, amma ta tabbatar da korar mafi yawan ma'aikatan. Abin da Crowther ya yarda da shi shi ne ikilisiyoyin Bonny da kewaye su tsaya da ƙafarsu, su biya limamansu da kuɗinsu, suna nan cikin Angalika, watau abin da Venn ya koya masa tun farko. Akwai masu ganin ya cika haƙuri, da ya tsawata tun 1880 da abin bai kai haka ba. Wataƙila suna da gaskiya. Sai dai mutumin da aka saya da taba aka kuma ƙwato shi ba da ƙarfinsa ba, bai taɓa ɗaukar kujerar nan abin da zai yi kokawa a kanta ba.

Cikin watan Yuli 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga watan Disamba 1891, aka binne shi a maƙabartar Ajele. Robinson ya riga shi, ya rasu a Lakwaja a shekarar, Brooke kuma ya bi su cikin watan Maris 1892. Ba ɗayansu da ya taka Kano. Ikilisiyoyin Bonny suka tsaya da kansu cikin watan Afrilu 1892 ƙarƙashin Dandeson. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, sai da aka yi shekara 60 kafin baƙin mutum ya sake riƙe lardin Angalika na kansa a Nijeriya, cikin 1952. Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, wanda ya tsaya wa Turawan mulki a Ikko, ya kuma shugabanci jam'iyyar N.C.N.C.

Cikin 2014, da aka cika shekara 150 da keɓe shi, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa. Maƙabartar Ajele kuwa gwamnatin Jihar Ikko ta tashe ta cikin 1971 don gina ofisoshi. Aka kwashe ƙasusuwansa, cikin 1976 aka sake binne su a harabar babbar majami'ar Christ Church da ke titin Marina.